Wane Ne Dodo A Labaranmu?



Maganar wannan makon ta fi shafar masu rubuta almara da labaran yaƙi, musamman matasanmu na nan Katsina da suka fara gajiya da aron biranen Larabawa da Farisawa, suna so su gina labari a kan namu: Daura da rijiyar Kusugu, Durɓi ta Kusheyi, kokawar Korau da Sanau, hasumiyar Gobarau, iskoki da dodanni. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da sa'a. Sai dai duk wanda ya shiga neman kayan aiki zai ci karo da abu biyu. Da yawa daga cikin littattafan da suka adana mana waɗannan labarai, mutanen da suka raina mu ne suka wallafa su. Wasu labaran kuma, waɗanda babu hannun Bature a ciki ko kaɗan, mu ne muke raina wasu a cikinsu. To yaya za mu yi da irin wannan gado?

Kafin mu amsa, bari mu leƙa wani wuri da aka riga mu yin wannan rigima, domin a can abin ya fi fitowa fili.

Akwai wani wasa da ya shahara a Amurka da Turai, wanda za mu iya kira wasan labari na kan tebur. Mutum huɗu ko biyar za su zauna. Ɗaya shi ne jagora, shi ke riƙe da labarin, yana faɗa musu inda suke da abin da ya tunkaro su. Sauran kowa ya ɗauki tauraro guda ya zama shi: wannan mayaƙi, wancan boka, waccan ɓarauniya. Jagora ya ce, ga ku a bakin kogo, kun ji gurnani, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro suka faɗa cikinta suna juya ta yadda suke so. Wanda ya fi suna a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne takardar da kowane ɗan wasa yake riƙewa. A kanta an rubuta halayen tauraronsa da lamba: ƙarfi maki kaza, basira maki kaza, wayo maki kaza. Littafin dokoki ne ke faɗin makin da kowane jinsi zai samu. A littafin da aka fitar a 1978, an yanka wa mace iyakar ƙarfin da za ta iya kaiwa, ƙasa da na namiji, komai jarumtarta. Akwai kuma wasu halittu da ake kira ork, waɗanda aka daɗe ana rubuta su a matsayin mugaye tun daga haihuwa, marasa wayewa, masu zama ƙabila-ƙabila. A wani littafi na 2016 har an rage musu maki biyu na basira. Kamfanin da ke da wasan, Wizards of the Coast, ya cire wannan ragin a 2020, bayan 'yan wasa sun daɗe suna cewa siffofin da aka ba waɗannan halittu su ne dai waɗanda Turawan mulkin mallaka suka riƙa ba mutanen da suka mamaye.

Mu marubutan zube muna iya ɓoye raini a cikin kwalliyar magana, mai karatu ya haɗiye bai sani ba. Mai tsara wasa ba shi da wannan mafaka, dole ya rubuta raininsa da lamba, kowa ya gani. Shi ya sa muka ce a can abin ya fi fitowa fili.

Babbar rigimarsu kuwa a kan wani marubuci ce mai suna H. P. Lovecraft, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1937. Gwani ne wajen labaran ban tsoro, kuma a kan duniyar da ya ƙirƙira aka gina wasan Call of Cthulhu a 1981, wanda har yau ake bugawa. Amma mutumin ya tsani baƙar fata, ya tsani Yahudawa da baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma bai ɓoye ba, yana nan a wasiƙunsa da waƙoƙinsa. Shekara da shekaru kyautar World Fantasy Award gunkin kansa ce ake miƙa wa wanda ya ci. A 2011 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci kyautar da littafinta Who Fears Death, daga baya ta ci karo da wata waƙar da ya rubuta ta cin mutuncin baƙar fata, ta fito ta faɗi yadda abin ya tsaya mata a rai, ga kan mutumin ajiye a ɗakinta. Bayan bikin 2015 aka daina ba da gunkin.

Sauke gunki abu ne mai sauƙi. Manna takardar gargaɗi ma haka, kamar yadda kamfanin Dungeons & Dragons ya yi wa tsofaffin littattafansa, cewa akwai abubuwan da ba su dace ba a ciki. Ba mu ce waɗannan ba su da amfani ba, amma ba su taɓa labarin ba. Tsoron da ke cikin labaran Lovecraft sau da yawa tsoron gauraya ne: tsoron baƙo, tsoron jinin da ya cuɗanya, tsoron harshen da ba ka ji. Ko ka goge sunansa daga bango, idan ka ɗauki tsarin nan yadda yake, ka ɗauko ƙiyayyar tare da shi. Waɗanda suka yi aikin da ya burge mu su ne irin Victor LaValle, wanda a 2016 ya ɗauki ɗaya daga cikin labaran Lovecraft mafi muni, wanda ya mayar da baƙin unguwar Red Hook ta birnin New York abin tsoro, ya sake ba da shi ta idon wani baƙar fata ɗan unguwar Harlem, a littafinsa The Ballad of Black Tom. Dodannin suna nan, amma mai karatu ya gane cewa ɗan sanda ya fi su zama abin tsoro ga wannan saurayi. Chris Spivey ma ya yi irin wannan a fagen wasan, da Harlem Unbound a 2017.

Wani lokacin kuma abin a juye yake zuwa. M. A. R. Barker, farfesan harshen Urdu, ya gina wata duniya mai suna Tékumel da aka yi ta yabo saboda ba ta kwaikwayi Turai ba. Ya rasu a 2012. Sai a 2022 gidauniyar da ke kula da ayyukansa ta tabbatar cewa shi ne ya rubuta wani littafi mai ɗaukaka aƙidar 'yan Nazi da sunan boge. Mutane sun yi shekaru arba'in da wani abu suna wasa a duniyarsa ba su sani ba. Ke nan sanin halin marubuci bai isa ya gaya maka abin da ke cikin aikinsa ba, dole sai ka buɗe ka duba da kanka.

Yanzu mu dawo gida.

Duk wanda ya nemi tsohon tarihin Katsina ko Daura a rubuce, zai yi wuya bai faɗa hannun H. R. Palmer ba. Shi ne ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908, shi ne kuma ya wallafa Sudanese Memoirs a 1928, juzu'i uku cike da jerin sarakuna da labaran asali. Ya zauna a nan Katsina yana jami'in mulki, kuma yana da hannu dumu-dumu a sauke Sarki Yero a 1906 da naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. Ba sai mun kira shi maƙaryaci ba kafin mu yarda cewa mai irin wannan matsayi ba ɗan kallo ba ne idan ya zo rubuta tarihin sarauta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne aƙidar da ya ɗauko, wadda ta yi tashe a tsakanin masanan Turai na zamaninsa, cewa duk wani abin wayewa da aka gani a Afirka, sarauta ce ko birni ko rubutu, wasu baƙi masu hasken fata ne suka kawo shi daga arewa ko gabas. Baƙar fata a wurinsu ba ya ƙirƙira, sai dai a zo a koya masa. Wannan ita ce dokar wasan Palmer, ragin maki biyu na basira ne aka rubuta shi da Turancin masana.

Haka A. J. N. Tremearne. Littattafansa biyu, Hausa Superstitions and Customs na 1913 da The Ban of the Bori na 1914, taska ce ga duk mai son rubuta labarin iskoki: sunayensu, tufafinsu, abin da kowanne yake so a yanka masa. Na biyun ma a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus ya tattara shi. Amma mutumin nan shi ne ya rubuta wani littafi a 1912 kan mutanen yankin Kagoro, ya raɗa masa suna da ke nufin mafarautan kawuna masu wutsiya. Daga sunan kaɗai ka san da wane ido yake kallo.

Shin mu jefar da su? A ganinmu a'a, kuma dalilinmu na farko shi ne kayan ba nasu ba ne. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamanmu ne suka rubuta su da ajami. Na R. S. Rattray na 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa. Jerin sarakunan da Palmer ya buga, a bakin dattawa da takardun malamai ya samo. Wanda ya ce ba zai taɓa waɗannan littattafai ba don fushi da Bature, kakanninsa ya yi wa yaji. Aikin da ke gabanmu shi ne tankaɗe, mu raba abin da mai ba da labari ya faɗa da fassarar da mai bugawa ya ɗora a kai. Kuma an riga an nuna mana yadda ake yi. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bayani tun 1970 cewa daulolin ƙasar Hausa daga cikin gida suka tsiro, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, ta hanyar noma da ƙira da fatauci. Ɗanmu Yusufu Bala Usman, a littafinsa The Transformation of Katsina na 1981, ya ƙi yarda a mayar da tarihin Katsina labarin ƙabila ta danne ƙabila. Har Barth, Bajamushen da ya zo garin nan a 1851, sai da Bala Usman ya zaunar da rubutunsa ya yi masa tambayoyi: da wa ya yi magana, me ya gani da idonsa, me ya zo da shi a ransa tun daga gida. Marubucin almara da ya karanta Palmer bai karanta Bala Usman ba, rabin labari ya ji.

Wancan shi ne ɓangare mai daɗi, inda laifin na wani ne. Ga ɓangaren da ba ma son a taɓa.

Labarin Bayajidda da aka koya mana a firamare yana da tasa takardar maki. 'Ya'yan matar aure su ne Hausa Bakwai. 'Ya'yan kuyanga, wadda ba a ma ba ta suna ba sai dai a ce Bagwariya, su ne Banza Bakwai, kuma a jerin da aka fi sani akwai Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nupe, Kwararrafa da Yarabawa. Al'ummomi bakwai, wasunsu da daulolin da suka girgiza ƙasar Hausa, an haɗa su an ce banza. Ba Palmer ne ya ƙirƙiro wannan ba. Ya dai tarar da jarumi ɗan Bagadaza a cikin labarin, abin ya yi masa daidai da aƙidarsa. Wanda kuma yake ganin ba komai ba ne, ya duba Infaƙul Maisuri, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wata ruwaya da aka ba shi cewa Bawo, kakan sarakunan Katsina da Kano da Zazzau da Daura, bawan Sarkin Barno ne. Mun san yadda ƙirjin Bakatsine yake yi idan ya ji haka. To haka na Banufe yake yi idan ya ji an ce banza.

A harshenmu na yau da kullum, idan yaro yana magana ba a fahimta sai mu ce yana gwaranci. A tashen watan azumi akwai Macukule, inda ake kwaikwayon Bagwari a yi dariya. Mutanen da ake nufi suna kiran kansu Gbagyi, kuma suna jin Hausa, suna karanta abin da muke rubutawa. A nan babu wani Lovecraft da za a sauke gunkinsa. Wa za mu ƙaurace wa, kakar da ta yi mana tatsuniya? Hanyar hukunta marubuci ba ta da aiki a nan sam, hanyar duba dokokin labarin ce kaɗai ta rage.

Mun san wani zai ce ai barkwanci ne, mu mutane ne masu wasa da juna, kada a kawo mana saurin fushin Turawa. Akwai gaskiya a ciki. Bakatsine da Banufe suna wasa, Bafillatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kuma wannan wasa ya kashe wutar da hukuma ba ta iya kashewa ba. Amma wasan taubasai yana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana gabanka, yana da baki, zai rama, a yi dariya tare. A cikin littafi kai kaɗai ke riƙe da alƙalami. Idan ka sa Bamaguje a labarinka bai fito ba sai da ƙwaryar giya, kuma ba ka ba shi bakin ramawa ba, wannan ya tashi daga wasa.

Ga gwajin da muke ba kanmu shawara. Kowa ya ɗauko labarin da yake kan rubutawa, ya yi wa kowane rukunin mutane takarda irin ta wancan wasan, ya rubuta makin da ya ba su da gaskiya. Da yawanmu za mu ji kunya. Tauraruwa fara ce sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko 'yar Indiya. 'Yar aiki ko muguwar kishiya baƙa ce, gajera, mai faffaɗan hanci. A labaran yaƙi, ƙaton da ke tsaron ƙofar azzalumin sarki baƙin bawa ne, yadda muka gaje shi daga Dare Dubu da Ɗaya ba mu tambaya ba. Ɗan ƙauye wawa ne. Ɗan kudu kuɗi kawai ya sani. Babu wanda ya zauna ya yi niyyar ƙin kowa, mun dai tarar da dokar muka ci gaba da wasa da ita. Kuma yarinyar da ke karanta mu a wayarta a Ƙofar Sauri ko Rafindaɗi, wadda Allah ya yi baƙa, tana lura da makin da muka ba ta. Masu sayar da man bilicin ma suna lura.

Inda abin ya fi haɗari shi ne labaran da muka fara rubutawa kan ta'addancin daji. Dole mu rubuta su. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun ga abin da ba ya faɗuwa, kuma ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Ba mai cewa a wanke ɗan bindiga, ko a yi masa kwalliya. Amma akwai bambanci tsakanin labarin da ya nuna mutum ya zaɓi kisa, da dalilansa da ƙaryarsa da waɗanda suke sayar masa da makami da masu kai masa rahoto daga cikin gari, da labarin da ya ce mugunta a jinin ƙabilarsa take. Na biyun ork ne aka sa masa malfa aka ba shi sanda. Ya fi sauƙin rubutawa, ya fi saurin tara masu karatu, kuma a ƙasar da ake iya tare mutum a kasuwa saboda kamanninsa, irin wannan labari yana iya zama sanadin ran makiyayin da shi ma an kore masa shanu.

Sake ginin abin da aka gada ba baƙon abu ba ne a adabinmu, kuma a garin nan aka yi ɗaya daga cikin manyan misalansa. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da yayansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki. A Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya cire musu riga ya sa musu tamu, har yau wasu ba su yarda aro ba ne. Bai ji tsoron taɓa kayan wasu ba. Mu kuma sai mu ji tsoron taɓa namu, kamar labarin Bayajidda wahayi ne. Ruwayoyinsa ma sun saɓa wa juna, domin kowane zamani ya gyara shi daidai da buƙatarsa.

Kuma ta fuskar sana'a kawai, ba ma ta fuskar adalci ba, wuraren da rainin ya rufe su ne suka fi labari. An ba mu jarumi ɗan sarki da ya sare kan maciji, an maimaita shi har ya gundure. Amma kafin ya iso, Daura tana da sarauniya da fada da tsarin mulki, mata suna sarauta ɗaya bayan ɗaya. Akwai maƙeran Gaya da suka ƙera wuƙar, waɗanda in ba su ba babu jarumtar. Akwai tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo cikin dare ta gaya masa dokar rijiya. Akwai mutanen gari da suka yi shekaru suna ɗibar ruwa rana ɗaya a mako, sun san macijin, wataƙila wasunsu ma ba su so a kashe shi ba.

Sai kuma ita kuyangar. Sarauniya ce da kanta ta ba da ita ga Bayajidda. Ita ta fara haihuwa, ta raɗa wa ɗanta Karɓagari, sunan da duk mai jin Hausa ya san abin da yake nufi, har sarauniya ta mayar da martani da sunan Bawo. Mace baiwa, a gidan da ba nata ba, cikin harshen da ba nata ba, ta dubi mai gari ta sa wa jaririnta wannan suna. Tana da garin da aka ɗauko ta, tana da uwa, tana da sunan da ake kiranta da shi kafin a fara ce mata Bagwariya, kuma wannan sunan yana jiran wanda zai zauna da Gbagyi ya tambayi irin sunayen da suke ba 'ya'yansu mata kafin ya rubuta babi na farko.